Ta yaya zan kawo akun Hajiyata daga Garwa zuwa Yola bisa ƙa'ida?

Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawarar wanda ya san kan wannan lamari. Bayan rasuwar Babanmu, Allah ya jiƙansa, mun yanke Hajiya ta taso daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta dawo wajena a Yola. Kaya duk an shirya, aku ne ya tsayar da mu.

Toka-toka ne mai jan wutsiya, ya haura shekara 20 a gidan. Har yau da asuba yana yin gyaran muryar Baba da sallamarsa, Hajiya ta amsa tana share hawaye. Ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Na bincika na ga tun Janairun 2017 irin wannan akun yana rukunin farko na yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu fuskantar barazanar ƙarewa, wato sai Kamaru ta ba da izinin fitarwa, Najeriya kuma ta ba da na shigowa, ko da ba sayarwa za a yi ba. A nan na maƙale: a hannun wani mutum Baba ya saye shi, ba rasit, ba zoben shaida a ƙafa, sai tsofaffin hotuna.

Wani direba ya ce a lulluɓe kejin da zani a wuce. Ban yarda ba, don in aka ƙwace shi a iyaka ban san halin da Hajiya za ta shiga ba.

Wace takarda ake fara nema, ta can ko ta Ma'aikatar Muhalli a Abuja? Hotuna da rantsuwar kotu za su isa hujja? Takardar likitan dabbobi fa, kafin tafiya ake yin ta?