Dakon barewa a mashaya da baka a hamadar Arizona: ina neman shawara

Bakatsinen Tucson ya rubuta:

Assalamu alaikum. Aiki ne ya zaunar da ni a Tucson, a kudancin jihar Arizona ta Amurka, kuma na jima ina koyon harbi da bakan zamani, irin mai 'yan tayoyi a kai da gindi, har hannuna ya fara faɗawa a tazarar mita 30. Bana na yi niyyar sayen takardar izinin farautar barewa da baka, wadda ake ba mazauna jihar ba tare da ƙuri'a ba, kuma lokutanta suna faɗawa ne a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, sai kuma Disamba da Janairu.

Abokan aikina da suka saba shiga daji sun rabu biyu. Wasu sun ce in hau tsauni da madubin hangen nesa, in gano barewa tun daga nesa, sannan in yi mata sanɗa. Wasu kuma sun ce sabon shiga ba zai iya wannan ba, gara in nemi mashaya in kafa bukka in zauna, tunda a hamada kowace dabba sai ta zo ruwa. Hankalina ya fi karkata ga ta biyun, amma abubuwa uku suna damuna. Shin dakon mashaya yana biya a kowane lokaci, ko yana da watansa? Me dokar jihar ta ce a kansa? Kuma a matsayina na Musulmi, mene ne hukuncin naman, musamman da yake dabbar tana bakin ruwa za a harbe ta? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar da aka gaya maka cewa kowace dabba sai ta zo ruwa gaskiya ce, amma ba a ce sai ta zo ruwan da kake zaune a kai ba, kuma ba a ce sai ta zo da rana ba. A nan ne yawancin masu dako suke shan kaye.

Hamadar Sonora tana da damina ta bazara wadda takan fara a farkon Yuli ta kai Satumba, wato daidai lokacin da ake buɗe farautar Agusta. Idan an yi ruwa mai kyau, kowane ramin dutse da kowane kwari yana riƙe da ruwa, ciyawa ta yi ɗanye, barewa kuma ba ta da dalilin taka hanya mai nisa zuwa mashayar da take jin warin mutum. Ana iya zama daga asuba zuwa magariba ba a ga komai ba sai kurciyoyi da ƙudan zuma da shanun makiyaya. Idan kuwa damina ta gaza, kamar yadda ta yi a 2020, lokacin da hukumar kula da namun daji ta jihar ta riƙa jigilar ruwa da tankoki, wani wurin ma har da jirgi mai saukar ungulu, to mashaya guda takan tara dabbobin yanki gaba ɗaya. Saboda haka kada ka tambayi wane wata ne, ka tambayi sama: yaushe rabon da a yi ruwa a wannan kwarin? Mako biyu ko uku na fari ya fi maka kowace dabara. A Janairu kuma lokacin barbara ne, maza suna bin mata suna yawo da yawa, ƙishi yana kama su, don haka idan hunturun ya zo a bushe, shi ma yana biya.

Mashayun iri biyu ne. Akwai tafkunan ƙasa da makiyaya suka haƙa domin shanunsu, akwai kuma waɗanda hukuma ta gina, kimanin 3,000 a faɗin jihar, aikin da aka fara tun shekarun 1940. Su waɗannan rufin kwano ne ko daɓen siminti da ke tare ruwan sama ya zuba a tanki, daga tankin kuma ya gangaro wani ɗan wurin sha. Kafin ka zaɓi ɗaya, ka je da tsakar rana ka duba laka a bakin ruwan. Sawun da gefensa yake da kaifi, ƙasar cikinsa ba ta tsage ba, na daren jiya ne ko na safiyar yau, kuma daga shi za ka gane ta wace fuska suke shigowa.

A tsaunukan da ke kewaye da kai, irin su Santa Rita da Huachuca, wadda za ka fi gani ita ce ƙaramar barewa mai launin toka da ake kira Coues, wadda babban namijinta bai cika wuce kilo 45 zuwa 50 ba. A ƙasa cikin fili kuma akwai babbar mai dogayen kunnuwa. Ita Coues takan zo ruwa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da yawancin maharba suka gaji suka koma mota cin abinci, saboda haka wanda ba zai iya zaman yini ba gara kada ya fara.

Iska ita ce babbar magana. Da sassafe iska mai sanyi tana gangarowa daga tsauni zuwa kwari, idan rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi sai ta juya ta hau, kuma tafki yakan kasance a cikin kwazazzabo inda take jujjuyawa. Ka kafa bukkarka inda warinka zai bi gefen da ba su shigowa, ka kafa ta da wuri domin su saba da ganinta, kuma kada ta wuce mita 20 zuwa 25 daga inda za su tsaya. Dalilin kusancin shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, kibiya kuwa kimanin 85. Barewar da ta zo ruwa a tsorace take, da ta ji ƙarar tsarkiya sai ta durƙusa domin ta zabura, kuma a mita 30 tana da isasshen lokacin da kibiyar da aka auna haƙarƙari za ta wuce ta saman gadon bayanta. Ka bar ta ta sa baki a ruwa ta natsu, ta ba ka gefe sosai, sannan ka auna ƙasa kaɗan bayan ƙafar gaba.

Game da doka, zama a mashaya ba laifi ba ne. Laifi shi ne yada zango a cikin rubu'in mil, wato kimanin mita 400, daga ruwan da dabbobin daji ko na gida suka dogara da shi, ta yadda za a hana su sha. Harbi da rana kawai ake yi, namiji mai ƙaho kawai ake harbi, kuma guda ɗaya a shekara. Baka kada ƙarfin jansa ya gaza laba 30, kan kibiya kuma ya kasance mai kaifi, faɗinsa ya kai aƙalla santimita 2 da ɗoriya. Dafi, wanda maharbanmu na gida suka dogara da shi, haramun ne a can gaba ɗaya.

Maman Sadik ta amsa:

Ina girmama bayanin Baba Tsohon Maharbi, amma ni ina da ja a kan asalin al'amarin, kuma ina ganin ya kamata mai tambaya ya ji wannan ɓangaren kafin ya sayi bukka. Doka ta halatta, na yarda. Sai dai mashayar da aka gina domin ta raya dabbobi a lokacin fari, idan mutum ya zauna a kanta yini guda cikin zafin da ya haura digiri 38, ba namijin da yake nema kaɗai yake tsare wa hanya ba. Akwai matan da ke shayar da 'ya'ya, domin barewar Coues a watannin Yuli da Agusta take haihuwa, kuma mai shayarwa ta fi kowa bukatar ruwa. Idan ta ji warinsa ta juya, sai ta jira dare ko ta tafi wata mashayar mai nisa.

Ba ni kaɗai ke wannan tunanin ba. Cunkoson da aka riƙa samu a mashayu yana cikin dalilan da suka sa hukumar jihar ta kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 2021 ta hana amfani da kyamarorin da ake ɗaurewa a bishiya domin farauta, dokar kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Kafin nan ana iya samun tarin kyamarori a mashaya guda, masu su suna zirga-zirgar duba hotuna, dabbobi suna gudu, makiyaya suna ƙorafi, maharba kuma suna faɗa a kan wanda ya riga wani. Wannan rigimar ta ƙarshe ba ta ƙare ba, domin ƙasar gwamnati ce, kuma barin bukka a wuri ba ya mallaka wa mutum wurin. Wanda ya fara isa da asuba shi ne mai zama.

Shawarata ita ce, idan har zai yi, ya zaɓi yankin da ke da mashaya fiye da ɗaya, ko kuma ya ja baya ya zauna a kan turbar da suke bi, nesa da ruwan, ta yadda wadda ba ya nema za ta wuce ta sha.

Malam Na-Zaure ya amsa:

Zan taɓa tambaya ta uku kawai, sauran na bar wa masu sana'a. Farauta domin ci halal ce, wadda ake yi domin wasa kawai malaman Malikiyya sun karhanta ta, kuma babu wani nassi da ya hana dako a bakin ruwa. Sharuɗɗan su ne ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah a daidai lokacin da kake sakin kibiya, kuma kaifinta ne zai huda dabbar ya yi mata rauni. Idan ka riske ta da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka ta.

Batun ruwa kuwa ya zo ƙarara a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi cin abin da ya harba idan ya same shi ya faɗa cikin ruwa, saboda bai sani ba ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyarsa. Dalilin hanin shi ne shakka. A ƙaramin wurin sha na siminti da wuya wannan ya faru, amma a tafkin ƙasa mai zurfi yana yiwuwa, saboda haka kada ka harbi wadda ta shiga cikin ruwan, ko wadda in ta zabura cikinsa za ta nufa.

Akwai wasu mas'aloli biyu da suka fi shafar mai baka. Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa jinkirin bin dabba cikin abubuwan da ke hana cinta, sai fa in maharbin ya tabbata ko ya bi ba zai riske ta da rai ba, haka nan idan wuƙarsa tana hannun wani ko a cikin jaka har dabbar ta mutu kafin ya ciro ta. To wuƙa ta kasance a ƙugunka. Risala kuma ta yi maganar wadda ta kwana ba a gan ta ba, ta ce ba a ci, sannan ta kawo ƙaulin da ya sauƙaƙa idan an sami kibiyar a makasarta. Wallahu a'alam.

Bakatsinen Tucson ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Sai dai, Allah gafarta Malam, maganar jinkiri ta tayar mini da wata tambayar. A wurin koyon harbi an nanata mana cewa bayan an harbi barewa a dakata rabin awa ko fiye kafin a bi jini, domin kada a tashe ta ta yi nisa ta ɓace. Baba Tsohon Maharbi, yaya ake haɗa wannan da abin da Malam ya faɗa?

Tsohon Maharbi ya amsa:

Hukuncin na Malam ne, ni abin da ke faruwa a jikin dabbar zan faɗa. Kibiyar da ta ratsa huhu biyu tana kashe barewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sau da yawa tana faɗuwa kafin ta yi mita 100, wani lokacin ma kana kallonta. A nan ba ka da abin jira, kuma ko da gudu ka bi, da wuya ka same ta da rai. Doguwar jirar da aka koya muku an tanade ta ne domin harbin da ya kauce ya sami hanta ko tumbi, inda dabbar kan kwanta ta daɗe tana wahala, kuma wannan shi ne harbin da ke jefa ka cikin shakkar da Malam ya ambata. Kibiyar za ta gaya maka wanne ne: jini mai haske da ƙananan kumfa na huhu ne, mai duhu na hanta ne, in kuwa ka ga kore-kore da wari to tumbi ne. Don haka ne nake cewa sabon shiga kada ya saki kibiya sai a kusa, dabba tana tsaye ta ba shi gefe, kuma kada ya yi harbi dab da magariba.

Zafin Agusta ma ba ya ba ka damar jira. Ka ja ta nesa da mashayar kafin ka farke ciki, domin kada ka ɓata ruwan, ka ɗaura mata takardar izininka, ka feɗe fatar nan take saboda ita ke riƙe zafi, ka rarraba naman cikin jakunkunan yadi a inuwa, sannan ka kai shi kan ƙanƙarar da ka tanada a mota tun daga gida. Na yarda da Maman Sadik a kan zama bisa turba, illa dai ya fi wuya, tunda turba ba ɗaya ba ce. Abu na ƙarshe, tun daga 2022 kowane yanki yana da adadin barewar da aka yarda a kashe da baka, ana rufe shi idan adadin ya cika, kuma wajibi ne ka sanar da hukuma cikin awa 48 bayan ka samu. Ka duba shafinsu na intanet kafin kowace fita ka tabbatar yankin da ka nufa yana buɗe.