Aji huɗu ya gagare ni bayan tara

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a aji huɗu na firamare a Gusau, yara 86, rabinsu a ƙasa suke zaune. Da safe lafiya lau. Amma da sun dawo daga tara, kwano ya ɗau zafi, ko minti goma ba na samu: na baya sai surutu, na gefen taga sai gyangyaɗi.

Na sa monita rubuta sunayen masu surutu, suka riƙa tare shi a hanya. Na raba su rukuni shida, hayaniya ta ƙaru, don yaro ɗaya ke yin aikin, sauran suna hira. Bulala kuwa na ajiye ta, tsoro take sa musu, ba fahimta ba.

Don Allah, wace dabara ce za ta riƙe hankalin layin baya har minti 35 na darasin su cika?