Alayyafona yana tsumburewa a gefen kogin Challawa, ina neman shawara

Mai Lambu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina noman rani a wata fadama da ke gefen kogin Challawa, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya tun kafin masana'antu su yawaita a yankin. Da aka raba gado ita ta faɗo mini, yayyena suka ɗauki gonakin tudu, kuma har yau wasu cikin dangi suna ganin an fifita ni, ga shi da ita nake ciyar da iyalina da mahaifiyarmu. Bana alayyafo da latas sun tsumbure, sabon ganye yana fitowa rawaya, saiwoyin kuma gajeru ne sun yi duhu. Ruwan da muke ja da inji wani lokaci yakan zo da wari da wani launi. Wani ɗalibi ya ce mini gubar ƙarafa ce daga dagwalon masana'antun jima, amma kabejin maƙwabcina da ke shan ruwa ɗaya da ni lafiyarsa ƙalau. Na riga na karɓi kuɗin dillali. Yaya zan yi?

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada lafiyar kabejin maƙwabcinka ta kwantar maka da hankali, domin shuka tana da dabarun jure wa guba, kuma jurewar ba ta nufin ganyen yana da tsafta. Idan saiwa ta ci karo da dalma ko kuromiyam, wanda da shi ake jima fata a masana'antu, takan riƙe mafi yawansu a jikinta ta hana su hawa, shi ya sa saiwa ce ke fara gajarta ta yi duhu. Abin da ya kutsa ciki kuma shukar tana haɗa wasu sinadarai masu ɗaure shi, ta tura shi wani aljihu cikin ƙwayoyin halittarta ta killace, ta ci gaba da girma. Kadmiyam, wani ƙarfe mai guba shi ma, ya fi muni, saboda yana bin ƙofofin da shuka ke shan zinki da sinadarin ƙarfe, ya hau har ganye cikin sauƙi, ya tauye mata waɗannan abinci, ganyen ya yi rawaya. Kayan ganye irin naka sun fi tara shi fiye da tumatir ko masara. Ka tsayar da sayarwa, ka kai ƙasa da ruwa da ganye sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a auna.

Manomin Kura: Malam, da girmamawa, kun tsorata bawan Allah. Rawayar ganye yunwar taki ce, mun sha ganinta. Ya zuba yuriya zai ga canji. Mu abin da ke kashe mu tsadar takin ce da man inji, amma babu mai magana a kan wannan.

Tsohon Malamin Gona: Yunwar da yuriya ke magani daga tsohon ganye na ƙasa take farawa, shi kuwa sabon ganye ya ambata. Bayan haka yawan yuriya yana ƙara wa ƙasa tsami, ƙasa mai tsami kuma ita ke sakin waɗannan ƙarafa saiwa ta sha. Ruɓaɓɓen takin gargajiya da garin gawayi da toka su ne ke taimakawa wajen ɗaure gubar a ƙasa, ko da yake ba sa cire ta.

Mai Lambu: Na gode, Malam, amma mahaifinmu ya yi noma da ruwan nan har ya bar duniya, babu wanda ya taɓa kawo ƙarar alayyafonmu. Ni ba ni da kuɗin haƙa rijiya, kuma dillali ba zai saurari zancen gwaji ba.

'Yar Anka: Yayana, mu ma haka aka riƙa faɗa a Zamfara kafin 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Har yanzu akwai yaran da abin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, iyayensu na fama su kaɗai, kuma haƙar ba ta tsaya ba. Wannan guba ba ta nuna kanta da wuri, kuma yara ta fi kamawa.

Maman Yara: To mu masu saye a kasuwa fa? Ni dai ina wanke ganye da gishiri in tafasa sosai, ina ganin hakan ya wadatar.

Tsohon Malamin Gona: Hajiya, wanki yana cire ƙurar da ta manne a ganye, kuma yana da amfani ƙwarai, amma abin da ya shiga cikin naman ganyen wuta ba ta kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Shi kuma ƙanena, ruwan zamanin mahaifinka ba shi ne na yau ba, kuma ƙarafan nan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa shekara bayan shekara. Idan dole sai ka noma wurin, ka koma tumatir ko masara, ka dasa ciyawar jema a bakin hanyar ruwan.

Mai Lambu: Tumatir yana son jari da lokaci, alayyafo kuwa cikin 'yan makonni ake yanka, shi ya sa na zaɓe shi. Ba ni kaɗai nake jan ruwan nan ba, Malam. Akwai wanda ya san nawa ake biya a yi gwajin, kuma zai fito kafin ranar da dillali zai zo?