"Gadon gida alala ga raggo": wa Baffa yake nufi?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ku sa shi a addu'a. Mutum ne da ya fara da dako, ya zo ya zama mai rumfar hatsi a Dawanau, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai taɓa komawa barci bayan asuba ba. Da damina sai ya leƙa gona kafin ya wuce kasuwa. Kullum bayan isha'i ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, a fito da kwanukan tuwo, duk wanda ya zo ya wanke hannu. Jikoki kuwa sun san aljihunsa na dama, nan dabino yake. Da muka buɗe akwatinsa mun tarar da littafin bashi da ya rubuta da ajami, sunaye da yawa ya ja musu layi, mu kuma mun san mutanen ba su biya ba.

To ranar sadakar bakwai Yayanmu ya ce gaskiya ba zai iya riƙe wannan ciyayya ba, a dakata da ita. Sai Baffa, ƙanin Baba, ya dube shi gaban mutane ya ce, "Gadon gida alala ga raggo." Yaya ya tashi ya fita, har yau ba sa magana. Shi Yaya malamin makaranta ne, da yamma kuma yana ɗinki. Shin wannan karin maganar ta hau kansa?

Malam Na Tsangaya: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa halinsa na gari ya bi shi. Ba ta hau shi ba. Da raggo ake, wanda ya tarar da gona ya bar ta ta zama saura. Kuma a shari'a abin da ake gada dukiya ce: a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi, sannan a raba. In Baba bai yi wasiyya da ciyayyar ba, babu wanda za a ɗora wa dole.

Bazazzagi: Allah Ya gafarta Malam, ai ba fatawa Baffa ya bayar ba. Gida yake nufi, da nauyinsa da mutanensa. Wanda ya zauna a zauren uba, shi maƙwabta za su sallama wa. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Maman Husna: Ya gaje shi da me? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa bai san yadda kwanon masara ya koma ba? Baba daga buhun rumfarsa yake ɗiba, Yaya kuwa sai ƙarshen wata. A ji tsoron Allah.

'Yar Jibiya: Ku bari in ba ku labarin kakata, don ni duk inda na ji wannan magana ita nake tunawa. Kakanmu manomi ne, rumbunansa ba sa rabuwa da gero, kuma baƙo ba ya kwana da yunwa a unguwarsu. Ya rasu ana gab da farin 1973. Aka raba gado, 'ya'ya maza suka kwashi nasu, ita da abokiyar zamanta suka raba tumuni. Sai ga mutane suna gangarowa daga wajen Maraɗi da Tawa, Buzaye da Fulani, dabbobinsu sun mutu a hanya, wasu har takobi da awarwaro suke sayarwa. Da suka shigo gari, gidan marigayi ake nuna musu, don sunan da aka sani ke nan. Kawunnanmu suka ce a ja ƙyaure. Ita ta ce ƙofar da mai ita ya bari a buɗe ba za a rufe ta tana numfashi ba.

Geron rabonta ta fara dakawa. Da ya yi ƙasa ta koma haɗawa da dusa, ta tsinko zogale da tafasa ta yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Kunu ma tsararo take damawa don ya kai ga kowa, ta ba yara su kai zaure a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya ana zagayawa da shi. Daga baya ta shiga sauke jerenta, yau tasa gobe langa, tana aikawa kasuwa. Mahaifiyata ta ce har ta rasu bangon ɗakinta da shatin inda kwanukan suka zauna. Akwai wata Bafulatana da ta haihu a wannan zauren, ɗan da ta haifa har ya girma yana kawo mata man shanu duk kaka. To ku gaya mini, tsakanin ita da masu kaso biyu wa ya gaji gidan?

Maman Husna: Allahu akbar. Allah Ya kai haske kabarinta. Amma kin ga ita da kanta ta ɗauka, ba a gaban jama'a aka tozarta ta ba.

Sarkin Yaƙin Majalisa: Irin waɗannan su ne manya. Ba masu rabon taliya da sabulu sau ɗaya a shekara huɗu ba, su ma sai an kira mai hoto. Akwai wani a wajenmu, kujerar ma so yake ɗansa ya gada, yaron da ko sunan mazaɓarsu bai iya faɗa ba.

Ɗan Acaɓa: Hahaha, ai wannan gadon ba alala a cikinsa, alawus ne zalla.

Bazazzagi: Ni abin da ya ba ni mamaki Bakano ya yafe bashi har ya ja layi. A kai littafin nan Gidan Makama a adana.

Ɗan Gwammaja: Kai Bazazzagi, ko a zaman makoki ba za ka bar mu ba? Allah Ya shirye ka. Hajiya 'Yar Jibiya, labarinki ya sa ni hawaye, don Innarmu ma tun jiya take cewa ko kwano ɗaya ne a fitar.

Malam Na Tsangaya: To a fitar da kwano ɗayan, ladan zai kai masa in sha Allah. Amma Baffa ma ya kawo nasa mudun, shi ma ɗan gidan ne.

Uwar Biyu: Ni fa a wajenmu ba a kan mutuwa ake faɗarta ba. Yaron da ya ƙi koyon sana'ar gidansu ake yi wa, kamar ɗan maƙeri da ke gudun zuga-zugi.

Sarkin Yaƙin Majalisa: Wai nawa buhun gero yake a Dawanau wannan makon? Ɗan Gwammaja, ku da ke kusa.