Ƙugiya a Cikin Tsutsa: Musayar Baiti Kan Kamfanoni

Ɗan Alƙalami:

Manhaja in ta ce maka kyauta,
Kar ka yi murna, tsaya ka karanta,
Fitila ce, me ya kai ta buƙata
Ta san makwancinka da lambobinka?

"Na yarda" ka danna ba dubawa,
Dogon sharaɗi ba karantawa,
Dillalan bayanai na ta tarawa,
Su sai da wa mai talla har shekarunka.

Hajiya 'Yar Baiti:

Malam ka iya koke-koke,
Magani ne ba ka kawowa.
Shiga saiti ka nemo izini,
Manhaja ɗai-ɗai kana dubawa.
Wuri, sa "lokacin amfani",
Makirufo, kyamara, sai rufewa.
Lambar talla da ke cikin waya,
A Android akwai wurin gogewa.
Kukis masu bin sawu in sun tare ka a shafi,
"Na ƙi duka" shi ake dannawa.

Baban Ƙafiya: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Kin kwance masa zani a kasuwa. Saura mu ga ko zai iya ɗaurawa.

Ɗan Alƙalami:

Hajiya kin toshe taga kin yi barci,
Ɓarawon kuwa bai bi ta tagar ba.
Equifax, mai tara bayanan bashi, a 2017 aka fasa ta,
Mutum miliyan 147 ba su tsira ba.
Facin toshe kafar manhajar ya fito tun watan Maris,
Su kamfanin ba su ɗora shi ba.
Wane saiti za ki taɓa a wayarki
Kan rumbun da ba ki san da shi ba?
Cambridge Analytica ta kwashi bayanan masu Facebook,
Har miliyan 87, akasarinsu ba su danna komai ba.

Malam Aruli: Ɗan Alƙalami, ɗangonka na ƙarshe ɗingishi yake. Ka rera shi ka ji, numfashi na ƙarewa kafin ka kai "komai ba". Kuma "ba" ta korewa a ƙarshen kowane baiti amsa-amon ragwaye ne, yaro ma zai jera maka hamsin.

Ɗan Alƙalami: Allah ya gafarta Malam, adadin ne ya yi nauyi. In na rage shi don kari ya daidaita na yi ƙarya.

Malam Aruli: Sai ka raba shi ɗango biyu. Wa ya hana ka?

Baban Ƙafiya: Gaskiyar Malam. Na Hajiya ko ɗaya bai karye ba.

Ɗan Alƙalami: Kai dai ko tari Hajiya ta yi cewa za ka yi Mutaƙarab ne.

Mai Guduma:

Kuna ta faɗa a kan waya da taga,
Mai ɗinkin rigarku wa ya hanga?
Rana Plaza, benen ɗinki a Bangladesh, bango ya tsage an ga,
Banki ya rufe, maɗinka aka ce su shiga,
Ko albashin wata su rasa shi.

Ran 24 ga Afrilu, 2013,
Janareto a saman bene, ku ji da kunnenku,
Ya girgiza hawa takwas, kaitonku,
Rai 1,134 a ƙarƙashin tufafinku,
Masu oda: "Ɗan kwangila ne, ku tambaye shi."

Direba "abokin hulɗa" ne a takarda ɗaya,
Mai nasa, gyara nasa, har da taya,
Farashi kuwa manhaja ke yankawa ita ɗaya,
A 2021 kotun ƙolin Birtaniya
Ta ce wa kamfanin tasi Uber: ma'aikaci ne, ku biya shi.

Hajiya 'Yar Baiti:

Yaya Guduma ka ba ni makami,
Ashe dai doka tana cizawa.
Dokar kare bayanai GDPR in kana a Turai,
Rubuta ka nemi bayananka a ba wa
Mai su, wata guda ne wa'adi,
In an fasa rumbu, sanarwa
Ga hukuma cikin awa 72,
Tara har kashi 4 na cinikin shekara ake yankawa.

Malam Aruli: Hajiya, kin karya "a ba wa mai su" tsakanin baiti biyu, ɗangon ƙarshe kuma ya fi na Ɗan Alƙalami tsawo. Baban Ƙafiya, yau ba yabo?

Baban Ƙafiya: Sabi-zarce ake kiran wannan, Malam, salo ne.

Malam Aruli: Da a ɗayan ɓangaren ya fito da ka kira shi tuntuɓe.

Ɗan Alƙalami:

Dokarki Hajiya tana cizo,
Sai dai bayan an gama cin nama.
Facebook dala biliyan 5 aka ci ta,
2019, ta biya ba ta ko suma.
Volkswagen mota miliyan 11,
Manhaja ta gane gwajin hayaƙi ta yi lum kama
Ta Allah, ta hau titi ta yi ta hayaƙi,
Sai 2015 asirin ya fito sama.

Mai Guduma: Wannan ma ya karya "kama ta Allah" gida biyu. Malam Aruli, muna jiranka.

Malam Aruli: Na gani. Kafin nan, wa ya ce muku 2013 ta yi amsa-amo da "kunnenku"?

Mai Guduma: Karanta ta da baki, Malam: dubu biyu da sha uku.