Musayar Baituka Kan Waya, Iyaye da Walwalar Matasa

Baba Mai Furfura:

Tambaya na kawo gabanku, 'yan'uwa,
Me ya hana matasanmu sakin fuska da darawa?
Waya na hannunsu tun isha'i har asuba,
Ido ya yi ja, zuciya ba ta hutawa.
A 2023 Vivek Murthy, babban likitan Amurka a lokacin,
Ya fitar da gargaɗi domin iyaye su zam lurawa,
Cewa yaron da ya haura awa uku kullum a kafofin sada zumunta,
Haɗarin damuwa da ƙunci gare shi na ninkawa.

Inna Uwar Yara:

Baba, ban musa maka ba, gaskiya ka faɗa,
Sai dai akwai sauran zance in muna zurfafawa.
Masana a Jami'ar Oxford, cikin 2019,
Sun bibiyi matasan Birtaniya shekaru suna aunawa,
Suka tarar tasirin kafofin kan gamsuwa da rayuwa ƙarami ne,
Kuma wanda ransa ya ɓaci shi ma can yake komawa.
Na sha ganin yarinya ta dawo makaranta da labari a bakinta,
Uwa na duban tata wayar, da ka kawai take amsawa,
Sai yarinyar ta haɗiye zancen, ta shige ɗaki ta ja ƙofa,
Ta kai wa baƙin intanet abin da gida aka ƙi saurarawa.

Malamin Aji:

Inna, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi,
Domin ni ke karɓarsu da safe suna hamma da layawa.
Likitoci sun ce awa 8 zuwa 10 na barci matashi ke bukata,
Wanda ya kwana da haske a ƙarƙashin bargo ina zai iya samowa?
Ostareliya ta yi doka a 2024 kan kafofin sada zumunta,
'Yan ƙasa da shekara 16 take hana wa shiga da buɗewa.
Amma ɗalibin da ubansa ke zama ya ji damuwarsa,
Ko da waya a aljihunsa, a aji nakan gan shi yana sakewa.

'Yar Sakandare:

Baba, Inna, Malam, ku gafarce ni in sa baki,
Tunda maganarmu ce ake ta tattaunawa.
Nakan ɗora hoto in yi ta leƙe ina ƙirga masu so,
In sun yi kaɗan, ranar nan abinci ba ya shiguwa.
Fuskokin da nake gani an goge su an gyara, na sani,
Duk da haka madubina ya zama abin gujewa.
A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fito da takardun kamfanin,
Ashe kamfanin ya san Instagram na sa wasu 'yan mata raina surarsu da tsanarwa.
Can kuma nake samun ƙawaye da taimakon darasi,
Shi ya sa ƙwace waya da faɗa ke ƙara mana nisantawa.

Baba Mai Furfura:

'Yata, to me kike so mu yi, faɗa mana a fili,
Ƙa'ida dai dole ce, ba ma iya janyewa.

'Yar Sakandare:

Na yarda da ƙa'ida, Baba, a tsai da lokacin ajiye waya da dare,
Sharaɗina shi ne ku ma taku ku zam ajiyewa,
Kuma in kun tambaye ni yadda na wuni a makaranta,
Ku dakata in kai ƙarshe kafin ku fara yankewa.