Mijin ƙanwata yana da tsohon hukuncin kotu, ko Kanada za ta karɓe shi?

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata tana da izinin zama na dindindin a Kanada, tana son ɗauko mijinta daga nan Zariya. Sai dai a 2017 kotun majistare ta same shi da laifin cin amana kan kuɗin takin wani, aka ci shi tara, ya gama biya a 2018. Wani ajan ya ce kada ma a ambata a takarda. Ku ba mu shawara don Allah, yarinyar nan har ta rame.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku guji ajan ɗin nan. In hukumar shige da fice ta Kanada (IRCC) ta gano an ɓoye, haramcin shiga ƙasar na shekara 5 ne, ban da laifin farko. Ga shi dole mijin ya kai takardar shaidar hali ta 'yan sanda.

Baban 'Yan Biyu: Hajiya, akwai hanya. Wanda ya cika shekara 5 da kammala hukuncinsa yana iya neman a wanke shi, a amince ya gyara hali. Lissafin daga ranar da ya biya tarar ne, ba daga ranar da alƙali ya yanke ba, to nasa ya cika tun 2023. Ana iya tura buƙatar tare da takardun ɗaukar miji. Akwai kuma wankewar da ke zuwa da kanta bayan shekara 10, amma ga laifi ɗaya tak, wanda hukuncinsa mafi tsanani a dokar Kanada bai kai shekara 10 ba. Da dokarsu suke auna laifin, ba da tarar da aka ci shi a nan ba.

Antin Kongo: Ƙanwata, gobe da sassafe ya tafi rajistarar kotun ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi da rasidin tarar. Na ɗan'uwana sai da muka yi wata biyu muna sintiri kafin aka zaƙulo fayil ɗin a ƙasan kabad, gara ta ci gefensa.

'Yar Tudun Wada: Rasidin yana nan, mahaifiyarsa ta adana a cikin kwalla. Lauyan nan Sabon Gari zai iya mana?

Baban 'Yan Biyu: Karɓo takardun kotu, eh. Amma cika buƙatar, ƙanwarki ta nemi lauyan can ko mai ba da shawara da sunansa ke rajistar CICC, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice a Kanada, ta duba da kanta a intanet kafin ta ba da ko sisi.

'Yar Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Bari in kira ta yanzu, gari ya waye musu.